An kawo kwamfuta asibiti amma layi ya ƙaru, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, gidanmu Kurna. Hajiyarmu na fama da hawan jini da suga kusan shekara 7, ni nake kai ta ganin likita. Da can kati ne da fayil, a wahala a wahala dai kafin azahar mun dawo gida. Yanzu sun ce an koma kwamfuta, komai sai an shigar. Wancan watan tun bayan asuba muka je aka ce babu netwok, muka zauna har la'asar, ga shi ba ta ci komai ba saboda gwajin suga, ƙarshe da muka shiga wajen likita ko kallonta bai yi sosai ba yana ta danne-danne, maganin da ya rubuta kuma guda biyu babu a famasi sai a waje na siyo. Kullum a rediyo ana cewa an ware biliyoyi an kawo na'urori, yanzu ma har cewa ake AI zai dinga duba marasa lafiya. Tsakani da Allah Dakta, wannan fasahar tana da amfani kuwa ko hanyar cin kuɗi ce kawai? Mu talakawa ya za mu yi?"

Wa'alaikumus salam Malam. Da farko ya mai jiki, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya saka maka da alheri, don ba kowane ɗa ne zai rufe shago a Kwari ya je ya wuni a kan benci ba.

In na fahimce ka abu uku kake tambaya. Me ya sa kwamfutar da aka ce za ta sauƙaƙa ta zama ita ce wahalar, ina kuɗin da ake ta faɗa suke tafiya, sannan ya za ka yi da Hajiya. Zan amsa maka a matsayin wanda ya daɗe a asibitin gwamnati kafin na koma ɓangaren lafiyar al'umma ina zagaya ƙananan asibitocin unguwanni, kuma bari in tona wa kaina asiri tun yanzu, ina cikin kwamitin da ya taɓa saka irin wannan tsarin kwamfutar a wani asibiti, don haka wahalar da ka sha akwai irinta da na taɓa jawo wa wasu da hannuna. Abin da na koya daga nan shi ne ita kwamfuta abin da ta tarar a asibiti shi take ƙara wa ƙarfi. In ta tarar da wuta da ma'aikata da tsari sai aiki ya yi sauri, in ta tarar da rashin wuta da likita ɗaya ga mutum ɗari sai ta ɗora nata layin a kan wanda ta tarar.

Abin da ya faru da ku ranar

Lokacin takarda kowane ɗaki zaman kansa yake. NEPA ta ɗauke, mai kati zai ci gaba da rubutu, likita yana da biro, mai famasi yana karanta rubutun likita ko da kyar. Da aka koma kwamfuta sai duk waɗannan ƙofofin suka koma ƙofa ɗaya, wato babbar na'urar da ke riƙe da bayanan kowa wadda ake ce wa saba. Kati, biyan kuɗi, gwaji, ganin likita, karɓar magani, duk ta nan za su bi, to ranar da ta tsaya kowa ya tsaya. Kuma kalmar nan "babu netwok" da ake ce muku ba abu ɗaya take nufi ba. Wani lokacin wuta ce babu kuma dizal ya ƙare, wani lokacin batiran sola ne suka mutu, wani lokacin waya ce ɓera ya ci a silin, wani lokacin kuma komai na cikin asibitin lafiya lau intanet ɗin da ke haɗa wajen biyan kuɗi da banki ne ya yanke, to tunda an tsara na'urar ba za ta bari a yi maka gwaji ba sai ta ga ka biya, sai ka ga lab a buɗe ma'aikaci na zaune ga kayan aiki amma ba zai iya ɗibar jininka ba.

Yawancin kwangilar irin wannan aikin kwamfutoci ake siya a yi bikin buɗewa a yanka kyalle. Kuɗin canza batir bayan shekara biyu ko uku, albashin yaron da zai kwana yana kula da saba, horar da sabbin ma'aikata in an yi wa tsofaffin canjin wajen aiki, duk ba a sa su a lissafi. Mu ma haka muka yi. Akwai wani dattijo a ɗakin kati da ya ƙi rabuwa da ƙaton rijistansa mai baƙin bango, ya tura shi ƙarƙashin tebur, duk wanda ya shigar a kwamfuta sai ya sunkuya ya rubuta lambarsa a ciki, muna ta yi masa tsiya muna cewa Baba zamani ya wuce ka. Ba a yi sati ba inbata ta ƙone da sassafe, tsakar asibiti ta cika maƙil har da masu zama a ƙasa, wallahi da rijistan Baba muka ga marasa lafiya kwana biyu. Daga ranar na gane duk asibitin da zai koma kwamfuta dole ya ajiye takardun ko-ta-kwana, kuma a rubuta a doka cewa in na'ura ta tsaya minti 30 a koma biro a ci gaba da aiki, a shigar daga baya. Ko a Ingila da Amurka haka suke yi, don su ma nasu yana tsayawa. Barin tsohuwa mai suga da yunwa har la'asar saboda na'ura ba laifin fasaha ba ne, wani ne a ofis bai yanke wannan hukuncin ba.

Shi kuma likitan da bai kalle ta ba, ba kare shi zan yi ba, bai kyauta ba. Amma ka hango shi, da yatsa biyu yake taifin, ba a taɓa koya masa ba, manhajar tana da gidaje goma sha da dole sai ya cike kafin ta bari ya wuce, ga mutum sittin a bakin ƙofa da suka taru tun safe suna ta leƙe. Abu mai sauƙi kamar juya teburin ta yadda allon kwamfutar ba zai shiga tsakaninsa da mara lafiya ba yana canza abubuwa sosai, na gwada na gani.

Duk da haka ba zan ce a koma takarda ba. Ka manta ne kawai da ranakun "ba a ga fayil ba". Na sha ganin mai ciwon ƙoda ko mai sikila da fayil ɗinsa na shekara goma ya ɓace aka buɗe masa sabo fari tas kamar yau aka haife shi, a sake duk gwaje-gwajen da ya riga ya biya. Sannan akwai maganar rasit, lokacin takarda kuɗi na zurarewa ta hanyoyin da ni da kai muka sani, shi ya sa ma in ka lura wajen biyan kuɗi ake fara saka kwamfuta kafin ɗakin likita. To toshe ɓarna abu ne mai kyau, matsalar ita ce in tsarin gaba ɗaya an gina shi don kare kuɗi ne, mara lafiya sai ya zama shi ne na biyu.

Layin ya girmi kwamfutar

A ƙa'ida hawa uku ne. Ƙananan asibitocin unguwa, waɗanda iyayenmu ke ce wa sha-ka-tafi, sai manyan asibitocin jiha irin su Murtala da Nassarawa da Hasiya Bayero na yara, sai na tarayya irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya mai aiki sosai. Mai hawan jinin da ya daidaita, awon ciki, rigakafi, zazzaɓi, duk a ƙasa ya kamata su ƙare, babban asibiti na wanda aka turo ne. Amma mu a kife abin yake. Mutum ya je na unguwa sau ɗaya ya tarar da ma'aikaciya ɗaya, na'urar awon jini ta lalace, ƙarfe biyu an kulle, ai ba zai koma ba, gobe adaidaita zai hau ya tafi babban asibiti ko da mura ce. Ga kuma mutanen Jigawa da Katsina da Bauchi har da Nijar duk nan suke zuwa. Don haka ƙwararren likitan da ya kamata ya zauna da mai ciwon zuciya minti 20 yana can yana sabunta wa mutum ɗari takardar maganin da suka shekara suna sha.

Sai ƙarancin ma'aikata. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, kuma masu lasisin da suka rage wajen 55,000 ne, ga mutum sama da miliyan 200, su ma ɗin da yawansu sun taru a manyan birane irin su Legas da Abuja. Cikin waɗanda muka gama makaranta tare wasu na Saudiyya wasu na Ingila, in muka yi waya ba albashi kawai suke faɗa ba, cewa suke yi sun gaji da kallon mutum yana mutuwa saboda abin da bai kai kuɗin cefane ba. Nas-nas da ungozoma ma haka suke tafiya, kuma rashinsu ya fi ciwo a wajen kwanciya don su ne ke kwana da mara lafiya.

Maganar biliyoyi kuma, ka riƙe kalma biyu, warewa da saki. Abin da kake ji a rediyo ranar gabatar da kasafi warewa ce, a takarda. Abin da ya isa asibiti shi ne saki, kuma tsakaninsu akwai tafiya. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alƙawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya dai shekara da shekaru wajen kashi 5 take yawo. Sakamakon shi ne cikin duk naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya sama da 70 daga aljihun mai jinya take fitowa, wato irinka. Dokoki kam akwai masu kyau. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da inshorar marasa ƙarfi, a 2022 aka yi sabuwar dokar NHIA da ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa, a nan Kano muna da hukumar taimakekeniyar lafiya KSCHMA da asusun tallafa wa harkar lafiya na jiha, KHETFUND. Kuma gaskiya inda kuɗin asusun nan ke shiga kai tsaye akawun ɗin ƙaramin asibiti, kwamitin unguwa na sa ido, na ga bambanci da idona, an gyara rufi an ja ruwa an ɗauki ungozoma. Sai dai ɗan siyasa ya fi son abin da za a ɗauka a hoto, gini da na'ura ana ganinsu, albashin nas ta dare da dizal ba a yi musu bikin buɗewa.

"Babu" ɗin famasi shi ma yana da tarihi. Tun shirin Bamako na 1987 ake tafiya a kan tsarin jarin magani mai juyawa, a ba asibiti jari ya sari magani ya sayar da 'yar riba ya sake saro wani. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da ke faruwa in ana zarar kuɗi daga uwar kuɗi ana biyan wata buƙata, ko ka sayar da kaya a tsohon farashi ka koma sari ka tarar ya ninka. Haka ya faru bayan faɗuwar naira a 2023, shekarar da kamfanin magunguna na GSK ma ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. A nan kwamfuta na iya taimakawa sosai, ta nuna cewa maganin kaza saura na sati biyu tun kafin ya ƙare, amma ba za ta mayar da jarin da aka cinye ba.

Fasahar da na ga ta ceci rai

Wadda ta fi burge ni a duk shekarun nan ko wuta ba ta amfani da ita. Leda ce. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa, kuma a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Matsalar da muka daɗe da ita ita ce da ido ake ƙiyasta jinin, ya jiƙa zani ya jiƙa katifa ya zuba a ƙasa, ungozoma ta duba ta ce bai kai ba, sai mace ta fara gumi tana cewa tana ganin duhu sannan hankali ya tashi, lokacin kuma an makara. Sai aka zo da wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, ƙasanta kamar mazurari mai layin awo, jini na taruwa kowa na gani. Da ya kai layin mililita 500 babu musu babu "bari mu gani", nan take a haɗa komai lokaci ɗaya, a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kira na gaba. An gwada wannan a binciken da ake kira E-MOTIVE a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, sakamakon ya fito a 2023, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya kuma tamu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero.

Na taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa na ga wata ƙaramar ungozoma da ba ta fi shekara da fara aiki ba ta kalli ledar nan ta ɗaga murya ta ce ya kai, a kawo tire, alhali mai jegon tana ta hira tana tambayar a nuna mata jaririn. Da a da ne yarinyar nan ba za ta iya buɗe baki a gaban manyanta ba, za a ce ta cika zaƙewa. Layin da ke jikin ledar ne ya ba ta baki.

Irinsu suna da yawa. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yaro a yatsa ya nuna yawan iskar oksijin a jininsa, shi ke raba yaron da za a ba magani ya tafi gida da wanda dole a kwantar yanzu. Firjin rigakafi mai aiki da sola kai tsaye ba batir. Na'urar GeneXpert da ke gano tarin fuka daga majina cikin kamar awa biyu har ta faɗa maka ko ƙwayar cutar ta bijire wa babban maganin, abin da a da sai an yi makonni. Duk abin da ya haɗa su shi ne suna rage tazarar da ke tsakanin ganin haɗari da ɗaukar mataki, kuma wanda ke riƙe da su yana da abin da zai yi a kai nan take. Da wannan nake auna duk sabuwar na'urar da aka zo ana tallata mana.

Shan inna ma darasi ne, kuma a garin nan aka yi shi. Ka tuna a 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa tsakiyar 2004, kuma tsoron mutane ba daga sama ya faɗo ba, abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau da aka gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana yana ran kowa. Daga baya wajen 2012 aka fara amfani da taswirar tauraron ɗan Adam ana ba masu ɗiga rigakafi waya mai nuna inda suka taka, sai ga rugage da unguwanni da ba sa cikin taswirar hannu da aka daɗe ana aiki da ita, sai ga lungunan da ake rubuta an shiga alhali ba a shiga ba. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Kano a Sumaila ne a Yulin 2014, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Amma duk wanda ya yi aikin zai gaya maka taswira gidan kawai take nuna maka, mai unguwa da liman da hakimi su ne suka sa aka buɗe ƙofar.

Sai ga mashaƙo daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, cutar da allurar da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14 take karewa, kyauta. Muna da manhajar DHIS2 da ake tura alƙaluman asibitoci duk wata, muna da SORMAS ta bin diddigin annoba, amma abin da aka zuba musu shi suke nunawa. Na sha zuwa ƙaramin asibiti ƙarshen wata na tarar da ma'aikaci ya baje rijista shida bakwai a kan tebur, kowane shiri da nasa, yana cikewa da biro ɗaya a zama ɗaya, na kuma ga rahoton da ya ce an yi wa sama da kashi 100 cikin 100 na yaran yanki rigakafi, ka shiga gidaje uku a bayan asibitin ka samu yaran da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba. In ana hukunta ma'aikaci don lambarsa ta yi ƙasa, lamba mai kyau zai kawo maka, kwamfuta kuma ta zana maka ita da kore shar.

Batun AI

Akwai inda ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta riga ta fara aiki kuma tana yi da kyau. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tace masu alamun tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, kuma a wajen da babu ƙwararren mai karanta hoto wannan ba ƙaramin taimako ba ne, a ɗau hoto a unguwa manhaja ta ce wannan a karɓi majinarsa. Ka ga aiki ɗaya ne tak aka ba ta, kuma akwai gwajin da ke tabbatarwa a bayanta.

Amma a ce ta zauna ta duba Hajiya, da sauran tafiya. Ka saurari yadda mutanenmu ke faɗin ciwo. Tsohuwa za ta ce maka "sanyi ne ya shige ni", wani ya ce basir, wata ta ce shawara, wani ya ce jikinsa na yi masa yam-yam ko zuciyarsa na tsinkewa, kowace kalma a nan tana iya zama cuta biyar, basir kaɗai na ga wanda ya zo da shi ya zama ciwon daji na hanji. Sai ka kalli fuska, ka kalli tafin hannu, ka lura da surukar da ke amsa tambaya maimakon mara lafiyar, sannan ka gane. Masu tambayar manhajar AI irin ChatGPT alamun ciwonsu ban hana ba in don neman fahimta ne, amma ta kan ba da amsar kuskure da cikakken ƙarfin hali kamar ta tabbata, kar ka canza wa Hajiya magani a kan maganarta. Sannan akwai sirri, bayanin wanda ke da cuta mai karya garkuwar jiki ko matar da ta yi ɓari yanzu yana cikin na'ura, mun samu dokar kare bayanai a 2023, amma na sha ganin ma'aikata biyar suna shiga da lambar sirri ɗaya an rubuta ta a takarda an manna a jikin allon.

To ya za ka yi da Hajiya

Ban duba ta ba, ban ga gwaje-gwajenta ba, don haka ba zan taɓa maganinta daga nan ba, wannan na likitan da ke ganinta ne. Amma ga abin da nake gaya wa 'yan uwana.

Ka sayi ɗan littafi na makaranta ya zama fayil ɗinta na gida. Sunan kowane magani da ƙarfinsa, sakamakon kowane gwaji da kwanan wata, ka kuma ɗauki hotonsu a waya, don har yanzu kwamfutar wannan asibitin ba ta magana da ta wancan, in dare ya yi kuka faɗa wani wajen littafin nan ne zai yi magana. In da hali ka sayi na'urar awon hawan jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, da ta awon suga, a dinga aunawa ana rubutawa. Likita ya ga awon sati huɗu na gida ya fi masa amfani a kan awo ɗaya da aka yi bayan ta wuni a layi ranta a ɓace.

Ranar gwajin suga ku tafi da abinci a kula da ɗan lemo ko sukari. Ka tambayi likita tun kafin ranar wane magani za ta sha da safen wane za ta jinkirta, don shan maganin suga ba a ci abinci ba yana iya faɗar da shi ƙasa, alamarsa gumi da rawar jiki da jiri da ruɗewa, in ka ga haka ka ba ta mai zaƙi nan take ka kira nas, gwajin a yi shi wata rana. In an wuce ƙarfe goma ba a ɗibi jinin ba ka je ka samu babbar nas ta wajen ka gaya mata tsohuwa ce mai suga ba ta karya ba, yawancinsu za su nemo hanya. Ka kuma tambaya game da gwajin HbA1c, shi ba ya buƙatar a zauna da yunwa kuma yana nuna yadda sugan ya kasance kusan wata uku, ya fi tsada amma ba kullum ake yi ba.

In jininta da suganta sun daidaita, ka roƙi likita ya ba ta maganin wata biyu ko uku, ko ya rubuta muku takarda ku dinga zuwa asibiti mafi kusa da ku don awo da karɓar magani, babban asibiti sai lokaci-lokaci. Ka ce ya rubuta asalin sunan maganin, ba sunan kamfani ba, don sau da yawa ana ce maka babu ne alhali akwai irinsa na wani kamfanin a rabin kuɗin. In a waje za ka saya ka je famasi mai rijista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wajen kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar. Ka leƙa ofishin KSCHMA ka tambayi tsarin waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba da kuma na tsofaffi da marasa ƙarfi, ka tambaya ƙarara ko magungunan da take sha suna cikin jerin da suke biya kafin ka sa kuɗinka. Ku 'yan Kwari ma kuna da ƙungiyoyi, shiga a ƙungiyance ya fi a je ɗaya-ɗaya.

Abin da ya faru ranar nan kuma kar ka bar shi a hirar shago. Ka rubuta shi gajere, rana da awa nawa kuka zauna da halin da ta shiga, ka kai ofishin shugaban asibitin ko wajen karɓar ƙorafi ka riƙe kwafi, ka nemi abu ɗaya tak, a dinga komawa takarda in na'ura ta tsaya. Na zauna a irin taron da ake karanta takardun nan, guda uku a kan abu ɗaya suna sa a motsa.

Amma in ka ga bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji da haki, wannan ba na layin kati ba ne, kai tsaye imajansi za ku wuce ko ƙarfe nawa ne, da littafin a hannunka. A gaida Hajiya da jiki.